Gasa a Cikin Gayya: Nasiha ga Matasan Tudun Wada



Wata Asabar bayan la'asar na tsaya a bakin wani fili a unguwar nan ina kallon yaran layi biyu suna buga ƙwallo. Ba kofi aka sa ba, ba kuɗi. Duwatsu huɗu ne raga, alƙalin wasa kuwa wani yaro ne da aka miƙa wa usur don ya fi saura tsawo. Wasa ya yi daɗi har rana ta yi ja, sai aka buga wata ƙwallo, waɗannan suka ce ta shiga, waɗancan suka rantse ta kan dutse ta bi. Kafin in gyara tsayuwa duwatsun raga sun koma hannu. Aka fasa wa yaro ɗaya goshi, mai ƙwallo ya rungumi abarsa, aka watse. Washegari na sake bi ta wurin. Fili na nan fayau, yaran na zaune gungu biyu a gindin katanga, kowa na hararar kowa. Waɗanda suka dage cewa su suka ci, su ma ga su nan zugum, babu abokin bugawa.

Tun ranar abin yake cina a rai, domin abin da na gani a filin nan shi nake gani a aji, a kasuwa, a siyasa, har a cikin gida ɗaya tsakanin wa da ƙani.

Kada ku zaci zan ce ku daina gasa. Ko na faɗa ba za ku ji ba, kuma da na yi muku ƙarya. Ga Jami'ar Jihar Gombe nan a unguwarmu tun 2004, kullum kuna wuce ƙofarta, amma maƙwabtaka ba ta ba kowa gurbi. Sai ka zauna jarrabawar JAMB ka nemi rabonka cikin maki 400, tare da dubban yara daga Billiri da Kaltungo da Dukku da Bajoga da Deba, kowa na hangen likitanci ko lauya, kujeru kuwa ƙidayayyu. Mai Keke Napep da ya fito da asuba yana neman fasinja ɗaya da shi da wasu goma. Telan layinku kafin ka kai kwana ka wuce shagunan tela uku. Kuma Bahaushe bai taɓa yabon wanda in an wuce shi ko a jikinsa ba. Mai matacciyar zuciya yake ce masa.

Ko a cikin Sahabbai an yi tsere. Malamai suna kawo mana cewa lokacin da ake tara dukiya don yaƙin Tabuka, Sayyidina Umar ya kawo rabin abin da ya mallaka yana fatan yau dai zai wuce Sayyidina Abubakar, sai ya tarar Abubakar ya kawo nasa baki ɗaya. Umar ya sallama, girman abokinsa ya ƙaru a idonsa. Ku ajiye wannan labari kusa da na 'ya'yan Annabi Adamu biyu, wanda Musulminmu da Kiristanmu duk mun sani. An karɓi hadayar ɗaya, ba a karɓi ta ɗayan ba. Wanda aka wuce, wato Ƙabila, bai koma ya gyara tasa ba, ɗan'uwansa ya kashe. Umar da Ƙabila duka an wuce su. Abin da kowannensu ya yi da zafin da ya ji a ƙirji, nan suka rabu. Shi ya sa malamanmu suka bambanta hassada da gibɗa. Hassada ita ce ka so ni'ima ta gushe daga hannun ɗan'uwanka ko da ba naka za ta dawo ba. Gibɗa kuwa ka so irin tasa ba tare da tasa ta ragu ba. A rubuce, harafi ɗaya ne tsakanin gasa da gaba. A zuciya ma tazarar ba ta fi haka ba.

Da yawanku a birni aka haife ku, ba ku san gayya ba sai a labari. Ni na gani, na kuma riƙe garma a cikinta. Idan damina ta kankama, aiki ya fi ƙarfin wani dattijo, ko maigida ya kwanta ciwo, ko saurayi yana neman shiga a gidan surukai, sai a sanar da sarkin samari, a sa rana. Da sassafe samarin gari su hallara a bakin gona, a jera, kowa ya kama kunyarsa. Makaɗa su saki gangar noma, a fara kiran sunaye da kirari. Wallahi ban taɓa ganin gasa mai zafin wannan ba. Za ka ga ƙato yana huɗa kamar ransa zai fita, gumi na zuba, don kawai kada a ce wane ya riga shi kai ƙarshen kunya, ga 'yan mata da suka kawo fura suna kallo, guɗa na jiran gwani.

Amma ku lura da yadda aka gina abin. Wanda ya riga kowa fita ba ya zama a inuwa yana dariyar na baya. Zai sha kirarinsa, sannan ya juyo ya kama kunyar wanda aka bari a baya daga ɗaya ƙarshen, ya taro shi su haɗu a tsakiya. Dattawa kuma suna biye suna duba aiki. Wanda ya yi gudu ya bar ciyawa a tsaye, ko ya sare shuka don sauri, ba gwani ba ne, abin dariyar ranar ya zama. Idan aka tashi kuwa, na farko da na ƙarshe akushi ɗaya suke sa hannu. Duk zafin tseren nan a gona ɗaya ya zuba, kuma gonar ba ta ɗayansu ba ce. Da babu gasa da an wuni ana jan jiki ba a gama ba. Da babu gayya da kowa na can gonarsa shi kaɗai, dattijon nan kuma ciyawa ta cinye masa gero. Har yau ina mamakin hikimar harshenmu da ya kira layin noma kunya, ya kira abin da ke hana mutum aikin assha kunya. Manomin kirki biyun yake riƙewa a lokaci guda.

Ko wasan langa da kuke yi kuna yara haka yake. Ka kama ƙafa ɗaya ta baya, kana tsalle da ɗaya, kana neman ka ture na gabanka. Amma ƙarfinka kai kaɗai ba ya ba ku ci. Akwai wanda aka sa ya zama ruwa, aikin sauran shi ne su tare masa hanya har ya kai gida. Sau nawa ƙaƙƙarfan yaro ya shagala da kayar da mutane don a ce shi ne, aka zagaya ta bayansa aka kayar da ruwansu? Iyayenmu ba su rubuta manhajar tarbiyya ba, a cikin wasa da aiki suka dasa ta.

Mu a Gombe ba sai an ba mu labarin abin da gasa ke zama idan ta fita daga gayya ba. Ku tambayi yayyenku sunan Kalare. Daga wajen zaɓen 2003 zuwa na 2007 da bayansa, gasar neman mulki ta sauko daga kan dandamali ta shiga lunguna. Aka ɗebi samari masu ƙarfi a jika, irin waɗanda da a zamanin gayya ne su za a yi wa guɗa, aka ba su adda da gora da ƙwaya da 'yan kuɗin kashewa, aka nuna musu 'yan'uwansu na wata unguwa aka ce ga abokan gaba. An rasa rayuka, an sare hannuwa, mata sun daina fita da magariba a wasu layuka. Abin ya kai har ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam ta Human Rights Watch, a rahoton da ta fitar a 2007 kan tashin hankalin siyasa a Nijeriya, ta ware wa Gombe sashe guda. Bayan 2011 gwamnatin jiha ta tara da yawa daga cikin samarin nan ta horar da su aikin kula da hanya da tsabtar gari da tsaron unguwa, kuma an ga sauƙi, amma har yau sunan bai mutu ba, yakan ɗago kai duk lokacin da zaɓe ya ƙarato.

Ga abin da nake so ku riƙe daga wannan tarihi. Manyan da aka yi faɗan dominsu sun san iyakar gasarsu. Yau suna jam'iyya biyu, gobe suna ɗaya. Suna haɗuwa a ɗaurin auren 'ya'yansu, su yi musabaha, su ci abinci a faranti ɗaya. Wanda aka bari da gaba ta har abada shi ne yaron da ya sari ɗan maƙwabcinsu, wanda har yau ba ya iya bi ta wani layi, ga tabo a fuska, ga karatu ya wuce shi. Su gasa suka yi, shi aka bar wa gaba. Ɗana, duk wanda zai ba ka makami ka tambaye shi ina nasa ɗan yake a wannan dare. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Wannan ciwo ba namu ne mu kaɗai ba, halin ɗan'adam ne. A 1954 wani masanin halayyar jama'a ɗan asalin Turkiyya mai suna Muzafer Sherif ya yi wani gwaji a wani sansanin hutu a jihar Oklahoma ta Amurka. Ya kawo yara maza 22 'yan kimanin shekara 11, waɗanda ba su san juna ba, babu bambancin addini ko launi a tsakaninsu, ya raba su gida biyu. Sai ya shirya musu wasanni irin su jan igiya, da kyauta ga gidan da ya ci, babu komai ga wanda aka ci. Cikin 'yan kwanaki yaran suka fara zagin juna, aka ƙona tuta, aka kai hari ɗakin kwana da dare. Da aka so sasantawa aka zaunar da su cin abinci wuri ɗaya, sai suka yi ta jifan juna da abincin. Abin da ya yi magani shi ne matsalar da ta shafi kowa. Ruwan sansanin ya ɗauke, dole suka fita tare neman inda ya toshe. Motar da za ta ɗauko abinci ta ƙi tashi, dole suka haɗu suka ja ta, da igiyar nan da suka yi gasa da ita. Ranar komawa gida su da kansu suka nemi a sa su mota ɗaya. Da na karanta labarin nan dariya na yi, na ce ashe gayya bawan Allah ya gano. Wa'azin a so juna shi kaɗai ba ya haɗa mutane. Aiki ɗaya da ya fi ƙarfin hannu ɗaya shi ke haɗa su, kamar yadda jinka ta koya mana tun tuni.

To, me ke riƙe gasa kada ta zama gaba? Doka tana da nata aiki, alƙalin wasa da nasa, amma usur ba ya shiga zuciya. Abin da ke riƙe ta shi ne tarbiyya. A 1973 wani Bature masanin ƙasar Hausa, Anthony Kirk-Greene, ya gabatar da lacca a Jami'ar Indiana kan wanda Hausawa ke kira mutumin kirki, ya tattaro halaye goma da ya ji muna auna mutum da su: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Ku sake karanta su a hankali. Babu ƙarfi a ciki, babu kuɗi, babu zuwa na ɗaya. Kusan dukansu ba sa bayyana sai da wani mutum a gabanka. Ba ka yin amana kai kaɗai, ba ka yin adalci kai kaɗai. A masarautar da Modibbo Buba Yero ya kafa kuma, Fulani suna da pulaku, wanda ginshiƙansa suka haɗa da semteende, wato kunya, da munyal, wato haƙuri da juriya, da hakkiilo, wato hankali. Ku je ƙasar Tangale ko Tera ko Waja ko Bolewa, za ku tarar da irin wannan ma'auni da wasu sunaye.

Kowane ɗaya daga halayen nan yana da aikinsa a fagen gasa. Gaskiya ce ke sa mai tsaron raga ya ce ƙwallo ta shiga alhali babu wanda ya gani sai shi. Haƙuri ne ke sa wanda ya faɗi jarrabawa ya koma ga littafi maimakon ya koma ga zargin malami. Kunya ce ke hana wanda ya ci yin rawa a kan wanda ya kayar. Ku dubi 'yan dambe, da duk zafin hannunsu, da zarar abokin karawa ya taɓa ƙasa an gama, ba a bin sa da duka, sau da yawa ma wanda ya kayar da shi ne ke miƙa masa hannu. Adalci ne ke sa ka yarda cewa yau wane ya fi ka, gaba da gabanta. Karamci kuwa shi ne juyowar nan da gwanin gayya ke yi ya taro na baya. Ana cewa hali zanen dutse, amma zanen ma da hannu aka yi shi, kaɗan-kaɗan, tun dutsen bai san za a zana shi ba. Ku da kuke da sauran ɗanyen icce a jikinku, yanzu ne lokacin tanƙwarawa.

In kuna son ganin gasa mai tsabta a yau, ku je musabaƙar Alƙur'ani. Tun 1986 Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato take shirya ta ƙasa, ana tacewa daga ƙaramar hukuma zuwa jiha zuwa tarayya. Gasa ce mai tsanani, rabin maki na iya raba na ɗaya da na biyu. A 2024 wata ɗiyar Gombe, ɗaliba a jami'ar nan ta unguwarmu, Hajara Ibrahim Ɗan'azumi, ta zo ta ɗaya a musabaƙar mata ta duniya a ƙasar Jodan, gari ya ɗauka da murna. Amma ku tambayi kowane mahaddaci yadda hadda ke zama. Ba ta zama sai da mai saurare, wanda zai riƙe Mus'hafi ya tsayar da kai inda ka yi tuntuɓe. Kuma sau da yawa mai sauraren nan shi ne wanda za ku hau mumbari ɗaya gobe. Yana gyara maka kuskuren da, da ya yi shiru, shi zai ba shi nasara a kanka. Kai ma ka karɓi Mus'hafin ka gyara masa. Wannan ita ce gayya ta zamaninku, tana nan a Islamiyyun layinku.

Yanzu bari in sauko kan abin da ke gabanku kullum. A aji akwai ɗalibin da in ya samu tsofaffin tambayoyin WAEC ko wani littafi mai kyau sai ya ɓoye a ƙarƙashin katifa. Na yi zama da irinsa, ni ma na taɓa zama shi. Ina aji uku na sakandare na ɓoye wa abokina wani littafin lissafi don kada ya wuce ni. Ya wuce ni duk da haka, domin shi yana koya wa wasu, kuma duk wanda ya koyar sau biyu ya karanta. Ni na tashi da na huɗu da kuma kunyar da har yau nake ji in mun haɗu. Ku kafa rukunin karatu, mai lissafi ya ja mai Turanci, mai Turanci ya ja mai kimiyya, ranar jarrabawa kuma kowa ya kama kunyarsa, a ga gwani.

A kasuwa, ku shiga Tudun Hatsi ko babbar kasuwa ku zauna kusa da tsofaffin 'yan kasuwa. Rumfa na jikin rumfa, kaya iri ɗaya, kowa na kiran mai saye ɗaya. Amma in lokacin salla ya yi, wannan zai ce wa wancan ya duba masa rumfa, ya tafi ya bar kuɗi a buɗe. In mai saye ya nemi abin da babu, a aika yaro ya karɓo a maƙwabta. In gobara ko rashi ya sami ɗaya, a zagaya da faranti. Uwayenku mata da ke sayar da abu iri ɗaya a cikin gidaje, su ne kuma ke zubin adashi ɗaya, jarin wannan daga kwasar da waccan ta zuba mata ya fito. Kai mai gyaran waya, ke mai ɗinki ko mai yin cincin, ku fi maƙwabcinku da kyan aiki da cika alkawari da sakin fuska. Kada ku fi shi da ɓata masa suna a wurin mai saye. Ana cewa faɗuwar wani tashin wani, amma ni a layin kasuwa abin da na gani shi ne, in aka san layi da algus, masu saye layin gaba ɗaya suke gudu.

'Yan matana, ku ma akwai taku gasar da ke ba ni tsoro: gasar anko da lefe da kayan ɗaki, wadda waya ta ƙara wa wuta. Biki ya zama jarrabawa, TikTok da Instagram ne masu ba da maki. Uba ya ci bashi, uwa ta sayar da akuya, don kada a ce na wance ya fi. Wannan tsere ne da babu gona a ƙarƙashinsa, in an gama ba a girbe komai sai bashi da ƙyashi. Kafin ki shiga kowace gasa, ki tambayi kanki abin da zai rage a hannu bayan an watse.

Kada kuma ku ɗauka duk abin da aka kira haɗin kai alheri ne. 'Yan Kalare ma suna da haɗin kai, ba sa tona asirin juna. Ɗaliban da ke miƙa wa juna satar amsa suna kiran abin taimako, alhali likitan da ya fita da satar amsa wata rana uwar ɗayansu zai duba. Masu ɓoye hatsi don farashi ya hau su ma sun haɗa kai. Haka wanda zai tsaya bayan mai laifi don kawai ɗan unguwarsu ne, ko ƙabilarsu ɗaya, ko masallacinsu ko cocinsu ɗaya. Hausa ta ba wannan sunansa daban: haɗin baki. Halayen nan guda goma da ke hana gasa zama gaba, su ne dai ke hana haɗin kai zama haɗin baki. Abokin kirki zai kwana yana koya maka, amma ba zai buɗe maka takardarsa a ɗakin jarrabawa ba.

Iyaye da malamai da za su leƙa wannan takarda, ku gafarce ni da kalma ɗaya. Yawancin hassadar da ke tsakanin 'yan'uwa mu muka shuka ta da bakinmu, ranar da muka ce wa yaro dubi ƙaninka, kai ba ka da amfani. A makaranta muna kiran na ɗaya da na biyu da na uku a ba su kyauta, yana da kyau. Amma ina kyautar yaron da ya tashi daga na arba'in zuwa na ashirin, ko yarinyar da ta zauna da ƙawarta har ta iya karatu? Abin da muka tafa wa, shi yara za su yi tsere a kai.

Ku tuna kuma irin garin da kuke ciki. Gomben nan ba tsohon birni ba ne. Fadar masarauta daga Gombe Abba ta taso, ta zauna Nafada, sai a 1919 ta sauka nan Doma. Auduga da gyaɗa da jirgin ƙasa suka jawo mutane daga ko'ina, har yau akwai unguwar da ake kira BCGA da sunan kamfanin auduga. Da aka ƙirƙiri jiha ranar 1 ga Oktoba 1996 aka sake cika, rikicin Arewa maso Gabas ya ƙaro wasu bayin Allah da suka zo neman mafaka. Kusan kowa a Tudun Wada kakansa ko ubansa baƙo ne wata rana, wani ya matsa masa ya shimfiɗa tabarma. Garin da aka gina haka ba zai ɗauki gasar mu da su ba.

Gona ɗaya kuma tana nan tana jiranmu. Ƙasar Gombe rairayi ce, ruwan sama in ya sauko ba ya tambayar gidan wa zai ci. Kun ga kwarin da ya taso daga wajen jami'a ya bi ta Malam Inna zuwa Kagarawal, yadda ya ci gidaje da hanyoyi kafin a gina shi da tallafin Bankin Duniya. Wanda ya zuba shara a magudanar ruwa a saman layi, ɗakin na ƙasa yake rusawa. Ga inda zafin jininku zai yi amfani. Layi da layi su yi gasar yashe kwata kafin damina. Ƙungiyar ƙwallo da ƙungiyar ƙwallo su yi gasar dasa itatuwa, a dawo bayan shekara a ƙirga na wa suka rayu. Makaranta da makaranta su yi gasar wa ya fi mayar da yaran da suka daina zuwa aji. A irin wannan tsere, ko kun zo na ƙarshe unguwarku ta ci.

Jiya ma na bi ta filin nan. Goshin yaron ya warke, saura ɗan tabo, amma har yanzu gungu biyu ne a gindin katanga, ƙwallo na ɗaki tana sacewa. Kowane ɓangare na jiran ɗayan ya fara magana, don a ganinsu wanda ya fara shi aka ci. To ga wata gasa na sa muku, ni ne alƙali. Addininmu ya koya mana cewa idan biyu suka ƙaurace wa juna, mafi alherinsu shi ne wanda ya riga yin sallama. Tsakanin katangar can da wannan bai fi taku ashirin ba. Asabar mai zuwa bayan la'asar zan zo in tsaya inda na saba, in ga wane layi ne zai riga.

Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuciyar nema da zuciyar taimako, Ya raba ku da hassada da haɗin baki, Ya zaunar da Gombe da ƙasarmu lafiya. Amin.